Rabe Rediyo da Kwamfutocin Gari Uku

A Dutsin-Ma in ka ce kana neman Malam Rabe sai an tambaye ka wanne. Amma in ka ce Rabe Rediyo, kowane ɗan acaba zai ce ka hau. Ya fi shekara goma sha biyar rabon da ya buɗe cikin rediyo, sunan dai ya ƙi sakin shi, shi ma bai taɓa neman ya sake shi ba.

A Unguwar Ɗanjuma aka haife shi, wani ɗan ƙauye a mazaɓar Tamawa ta ƙasar Kurfi. Mahaifinsa manomin gero da gyaɗa ne. Rabe yana aji biyu a sakandare mahaifin ya rasu, karatu ya tsaya nan. Ya yi damina biyu yana riƙe da gona, sannan ya bar wa ƙannensa, ya taho Dutsin-Ma ya zauna a rumfar wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Nan ya koyi ɗinkin dalma, ya koyi gane cuta da kunne da hanci kafin ya sa sukundireba. Da rediyo ta fara ja baya, ya koma wayar hannu. Da aka fara kawo masa kwamfutoci, bai taɓa ce wa kowa bai iya ba. Sai ya ce a bar masa kwana biyu, ya buɗe, ya duba, ya tambayi wanda ya fi shi.

Ana haka Alhaji Zubair, wani babban ɗan kasuwar hatsi, ya gina cibiyar rubuta jarrabawar shiga jami'a, ya zuba mata kwamfuta ɗari da tamanin, ya rufe saman ginin da farantan sola. Injiniya aka ɗauko daga Kano ya haɗa su, Rabe kuwa jan waya kawai aka kira shi. Amma duk inda injiniyan ya tsaya, Rabe na bayansa yana kallo. Ya ga yadda babbar kwamfuta guda, wadda suke kira saba, take raba wa sauran tambayoyi, kowace ta karɓi nata, ɗalibi ya amsa, amsar ta koma wurin saba. Da injiniya ya koma Kano, Alhaji ya duba bai ga wanda ya san kan wurin kamar Rabe ba, ya miƙa masa makullai.

Aikin ba shi da wahala, kuma abin da ke damunsa ke nan. A shekara, 'yan makonni kawai ake jarrabawa. Sauran watannin duka, sai ya zo ya goge, ya kunna su ran Alhamis don kada su lalace da zama, ya kashe. Rana na dukan farantan sola tun safe, batura sun cika har sun ƙi karɓa, kwamfuta ɗari da tamanin suna lulluɓe da leda. Yakan ce wa matarsa Tani, “Wallahi kamar a ba ka shanun huɗa ɗari a ce ka riƙa share masu garke kawai.”

Akwai kuma wata damuwar da ta fi wannan daɗewa. A gabashin Unguwar Ɗanjuma akwai kwazazzabo. Lokacin da Rabe yake yaro, hanyar shanu ce kawai da ruwa ke bi. Yanzu zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ya cinye kashi ɗaya cikin uku na gonar mahaifinsa, kuma kowace damina sai ya ƙara matsowa gari. Duk shekara mutanen unguwa sukan cika buhuna da yashi su jera a bakinsa, duk watan Agusta ruwa ya kwashe su. Ɗakin Inna, mahaifiyar Rabe, shi ne na ƙarshe ta wannan ɓangaren. Da ya auna bayan daminar da ta wuce, taku arba'in ya rage. Ya roƙe ta ta dawo Dutsin-Ma wurinsa, ta ce ita a ɗakin da aka kawo ta za a fitar da ita.

Wata Litinin a farkon shekara, wata mata ta yi sallama a ƙofar cibiyar, rungume da laftof. Ta ce sunanta Mardiya, tana koyarwa a jami'a a sashen injiniyan ruwa, an ce mata shi ne zai iya ceto mata kwamfuta. Rabe ya kai hancinsa kusa da ita, ya ce, “Malama, wannan ai dafa ta kika yi. Kwana nawa ta yi a kunne?”

“Tara,” in ji ta, da 'yar kunya.

Ya sauya fanka, ya goge ciki, ya kunna. Da allon ya haskaka sai ga taswira, an ɗauko ta daga sama, da wani jan layi mai karkacewa a tsakiya. Rabe ya tsaya da sukundireba a hannu. Ya ga dutsen nan mai kama da tukunya a kife, ya ga kukar da ke bayan masallaci.

“Malama, ina kika samo garinmu?”

Ta ce bincikenta ke nan. Ta auna kwazazzabai huɗu a ƙasar Kurfi da ƙaramin jirgi mara matuƙi, wannan ne mafi muni. Abin da take so ta gano shi ne inda ya kamata a jera duwatsu don a karya ƙarfin ruwa. Sai a gaya wa kwamfuta: ga yawan ruwan sama, ga inda aka sa shinge, ita kuma ta lissafa yadda ruwan zai gudana da ƙasar da zai kwasa. Sannan a sauya wurin shingen, a sauya yawan ruwan, a sake gwadawa.

“Gwaji nawa ne?”

“Dubu shida. Kowanne awa biyar yake ci.”

Rabe ya yi lissafi a bayan wata takarda. “Shekara uku da wani abu ke nan, in ba ta sake ƙonewa ba. Ɗakin uwata ba zai kai nan ba.” Sannan ya ce, “To ina tambaya, ki yi haƙuri ni ban yi karatu ba. Gwaji na biyu, sai ya jira na farko ya gama?”

“A'a, ba ruwan wani da wani.”

Ya tashi ya buɗe ƙofar babban zaure, ya ce ta leƙa. Ta ga layi-layi na kwamfutoci a lulluɓe har bango.

“Ran jarrabawa,” in ji shi, “saba ce ke ba kowace tambayarta, ta karɓi amsa. To in aka ba su naki gwajin maimakon tambayoyi fa? Kowace ta ɗauki ɗaya, in ta gama ta maido ta karɓi wani.”

Malama Mardiya ta daɗe tana kallon zauren. Ta ce, “Malam Rabe, abin da ka faɗa ɗin nan akwai shi a duniya, har da manhajar yin sa, kyauta. Manyan masu bincike haka suke haɗa kwamfutocin ƙasashe daban-daban su yi aiki ɗaya. Ni ban taɓa kawo shi a raina ba ne, don ban san muna da su a garin nan ba.”

Alhaji Zubair ne ya fara ba su wahala. Suka same shi a sito ana ɗinke buhunan masara. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

“Rabe, kana so a rufe mani cibiya? In masu jarrabawa suka zo dubawa suka tarar da baƙon abu a ciki fa?”

“Alhaji, ba abin da zai shiga cikinsu. Kowace zan sa mata ɗan filash, daga kanshi za ta tashi, a kanshi za ta yi aiki. In na zare shi, ta koma yadda take. Wuta kuma ta rana ce, ba za mu taɓa janareto ba.”

“Ni kuma me zan samu?”

“Gari guda zai yi maka addu'a.”

Alhaji ya yi dariya, ya ce wannan ciniki ba ya da laifi. Amma ya sa sharaɗi: kafin ƙarshen Maris a zare komai, don lokacin ne ake zuwa duba cibiyoyi.

Ranar farko abin ya ƙi. Rabe ya kunna su duka lokaci guda, duk suka afka wa saba suna neman aiki, ta daskare. Sau uku ana haka. Sai ya koma dabarar ran jarrabawa, ya riƙa tada su layi-layi, minti biyu tsakani. Kafin azahar fankoki ɗari da tamanin suna ta huci, a allon saba kuma lambar gwajin da aka gama ta fara motsi. Malama Mardiya ta zauna a kujerar ɗalibai tana kallonta kamar mai kallon jariri.

Bayan mako guda suka zauna suka duba, suka ga ba za su kai ba. Kwamfutocin ba masu ƙarfi ba ne, rana kuma awa bakwai kawai take ba su. Ga shi Malama Mardiya ta dage kowane gwaji sai an ba kwamfuta biyu daban, in amsarsu ta zo ɗaya sannan a yarda. Aiki ya ninku.

Rabe ya tuna wata makarantar 'yan mata a Kurfi da ya taɓa yi wa gyara, suna da kwamfuta talatin da shida da nasu sola. Ya hau babur ya je ya sami Malama Zaituna, malamar da ke riƙe da ɗakin. Bai gama bayani ba ta ce, “Kakata a Tamawa take, na san kwazazzabon. Bari in ga shugabar makaranta.” Aka ba su daga ƙarfe biyu na rana, da Asabar da Lahadi gaba ɗaya. Ita kuma Malama Mardiya ta kira wani abokin karatunta, Malam Abdullatif, da ke koyarwa a Maraɗi. Ya ce yana da kwamfuta ashirin da huɗu, sababbi, ɗalibai sun tafi hutu. Rabe bai taɓa ganin mutumin ba, ta waya suka haɗa komai, shi yana faɗin sunayen abubuwa yadda ya saba, wancan yana faɗinsu da Faransanci, har suka gane juna da hotuna. Ranar da amsar farko ta iso daga Maraɗi ta faɗo cikin sabar Dutsin-Ma, Rabe ya fita waje ya kira Tani, ya ce, “Yanzun nan wata kwamfuta a Nijar ta gama yi wa ɗakin Inna lissafi.” Tani ta ce Allah Ya ba ta lada, kwamfutar.

A mako na uku sai amsoshi suka fara saɓawa. Ba da yawa ba, ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka, amma hankalin Malama Mardiya ya tashi. In kuskuren daga lissafinta ne, to duk abin da aka yi ya tashi a banza. Ta kwana biyu tana bin rubutunta ba ta ga komai ba. Rabe ya ce ta ba shi jerin gwajin da suka saɓa, da lambar kwamfutar da ta yi kowanne. Ya bi da biro, sai ya ga lamba sittin da bakwai tana cikin kowane rikici. Ya je ya tsuguna, ya kanga kunnensa a jikinta, ya ji wani siririn kuka da sauran ba su yi. Ya buɗe, ga kwandansa guda, wata 'yar aba mai riƙe wuta, ta kumbura kamar wake da ya sha ruwa. Ya ɗauko ƙarfen dalmarsa na zamanin rediyo ya sauya ta. Aka sake ba wasu duk abin da sittin da bakwai ta taɓa. Daga nan ba a ƙara samun saɓani ba.

“Da ba a ninka aikin ba da ba mu gane ba,” in ji Rabe. “Kin yi gaskiya, Malama.”

“Da ba kai ba da ina can ina zargin kaina,” in ji ta.

Saura kwana goma sha shida wa'adin Alhaji ya cika, sabis ya ɗauke a Kurfi. Aka ce wani abu ne ya ƙone a jikin eriya, ba a san ranar gyara ba. Kwamfutocin makaranta suka gama abin da ke hannunsu suka tsaya, ba hanyar maido da amsa, ba hanyar karɓar sabo. Malama Mardiya ta ce a haƙura da Kurfi. Rabe ya duba lamba ya ce in aka haƙura da Kurfi ba za a gama ba. Sai ya loda aikin kwana biyu a filash, ya sa a aljihun gaba ya maƙale da fil, ya hau babur bayan sallar asuba da gari ya waye. Malama Zaituna ta karɓa ta raba wa kwamfutocinta ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi amsoshin da suka taru, ya juyo. Kwana tara yana wannan zirga-zirga cikin zafin bazara, taya ta fashe masa sau biyu, ya rame har Tani ta fara faɗa. Ran na goma sabis ya dawo yana tsakiyar hanya, Malama Zaituna ta kira shi tana dariya ta ce ya koma gida, amsoshin sun riga shi isa.

Ranar Alhamis, da la'asar, saura kwana uku wa'adi, lambar ta cika dubu shida. Ba kowa a zauren sai su biyu. Rabe ya yi hamdala, ya bi layi yana zare filash yana zubawa cikin wata robar man shafawa. Malama Mardiya kuwa tuni ta duƙufa kan sakamakon. Can ta ce, “Malam Rabe, zo ka gani.”

Bakin kwazazzabon, inda aka yi shekara da shekaru ana jibga buhuna, shi ne wuri mafi rashin amfani. Ruwa yana isowa nan ne da dukan ƙarfinsa. Wurare uku taswirar ta nuna, duk can sama, kusan tafiyar minti ashirin daga gari: biyu a gindin dutse, ɗaya a kan tsohuwar hanyar shanu, inda ƙananan magudanai suke haɗuwa tun ba su yi ƙarfi ba.

Suka kai maganar gaban Mai unguwa Garba a ƙofar gidansa, dattawa sun kewaye. Mai unguwa ya ji, ya ce, “Rabe, kai ɗanmu ne, ba za mu ƙi maganarka ba. Amma rami na bakin ƙofa, ka ce mu kwashi duwatsu mu kai gindin dutse? In muka yi haka ruwa ya ci ɗakin uwarka, me za mu ce wa mutane?”

Rabe bai yi musu ba. Ya roƙi Malama Mardiya ta nuna masu yadda kwamfuta ta ce ruwa yake bi in an yi mamakon ruwa. Aka ɗora laftof a kan turmi, dattawa suka matso. Shuɗin ruwa ya sauko daga dutse, ya rabu biyu, wani reshe ya zagaya ta bayan kuka, ta inda yanzu ba ko alamar magudana.

“Ƙarya ta fito,” in ji wani. “Ruwa ba ya bin bayan kuka.”

Sai muryar Gogo, yayar mahaifin Rabe, wadda ta fi kowa shekaru a unguwar, ta fito daga bakin zaure inda mata suke tsaye. “Yana bi. Shekarar da aka yi babban ruwa, ku duk kuna yara, ta nan ya bi ya tafi mani da rumbu. Wa ya gaya wa abin nan?”

Mai unguwa ya dubi Gogo, ya dubi allon, ya ce, “Asabar kowa ya fito da amalankensa.”

Wata biyu aka yi ana gayya. Shanu suna jan duwatsu, maza suna jerawa yadda Malama Mardiya ta kafa turaku, mata suna kawo fura da ruwa. Da ruwan farko ya sauka aka dasa ciyawar jema mai riƙe ƙasa a bayan kowane shinge. Rabe ya kafa wani guntun ƙarfe daidai bakin kwazazzabon, taku ɗaya daga inda ƙasa ta tsage, ya ce wa ƙannensa kada wanda ya taɓa shi.

Babban ruwan shekarar ya zo wata Talata a Agusta, tun hantsi har bayan azahar. Rabe yana Dutsin-Ma, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ruwa na tsagaitawa ya hau babur. Hanya ta yi caɓi, a wani wuri sai da ya sauka ya tura. Da ya isa bai shiga gida ba, ya wuce kai tsaye. Ya tarar da rabin unguwa a can, Mai unguwa da lema, Inna da buhu a ka. Ruwa na gangarowa cikin kwazazzabon, amma a hankali, kamar an buɗe famfo. Ƙarfen nan yana tsaye inda ya bar shi. Ya auna da ƙafarsa: taku ɗaya.

Suka ɗunguma sama. A bayan kowane shinge ruwa ya kwanta ya yi tafki, laka mai laushi ta taru har ta rufe duwatsun ƙasa. Mai unguwa ya duƙa ya damƙo lakar ya murza, ya ce, “Wannan ai ƙasar gonakinmu ce da ke tafiya duk shekara.” Ya miƙa wa Rabe hannu da lakar da komai. Mata suka rangaɗa guɗa. Da suka koma gida Inna ta zuba wa Rabe tuwo, ta zauna tana kallon shi yana ci, sannan ta ce, “Allah Ya yi maka albarka, Rabe.” Ya sunkuyar da kai, ya ce amin.

Damina biyu ke nan, kwazazzabon bai ƙara ko taku ba, jema ta yi duhu, har an fara shuka rogo a ƙasar da ta taru. Da Malama Mardiya ta wallafa bincikenta, ta sa sunan Rabe na biyu bayan nata, kafin na Malam Abdullatif da Malama Zaituna. Ta karanta masa ta fassara, ya ce a gyara wuri ɗaya: an rubuta injiniya a gaban sunansa, shi kuwa ba injiniya ba ne. Alhaji Zubair kuwa ba ya gama ciniki a kasuwa bai gaya wa mutum cewa kwamfutocinsa ne suka tsayar da rami a ƙasar Kurfi ba.

Yanzu makarantu biyar ne a cikin haɗin, kowace da lokacin da take bayarwa, Rabe ne ke riƙe da jadawalin a wani allo da ya rataya a bango. Ran da na je wurinsa na tarar da wani likitan dabbobi daga Kankiya a zaune, ya zo da bayanin wata cutar awaki da yake son a lissafa yadda take yaɗuwa daga kasuwa zuwa kasuwa. Ya fara dogon bayani da Turanci, Rabe ya ɗaga hannu.

“Likita, yi haƙuri. Aikin yana rabuwa gida-gida, ko sai wani ya jira wani?”

Likitan ya ce yana rabuwa.

“To kawo shi ran Litinin,” in ji Rabe, ya tashi ya ɗauki alli ya nufi allon.